Tambaya kan abin tunawa da Birtaniya ta kafa wa sojojin da ta taɓa kora saboda neman jinsi

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata tana zuwa ne ga waɗanda ke zaune a Birtaniya, ko waɗanda suka san tarihin rundunar sojanta. A ranar 27 ga Oktoban 2025, Sarki Charles na Uku ya halarci buɗe wani abin tunawa da aka kafa domin sojojin ƙasar da ake kira LGBT, wato maza masu neman maza, da mata masu neman mata, da masu neman duka biyun, da waɗanda suka sauya jinsi. An ce na tsofaffin sojoji ne da kuma waɗanda ke bakin aiki a yanzu.

Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na farko, na san gwamnatin ƙasar ta riga ta nemi afuwar waɗanda aka kora, ta kuma ware musu kuɗin diyya, to mene ne wani abu na tagulla da aka girke a fili zai ƙara wa mutumin da ya rasa aikinsa shekaru talatin ko arba'in da suka wuce? Na biyu, a iya sanina abin tunawa na soja ana kafa shi ne domin waɗanda suka kwanta dama a fagen daga, kamar yadda muke gani a nan gida duk ranar 15 ga Janairu idan ana ajiye furanni domin mazan jiya. Ta yaya aka kai ga kafa shi domin mutanen da yawancinsu suna raye, wasunsu ma suna sanye da kaki har gobe? Wa ya nema, wa ya biya, kuma wa ya zaɓi siffarsa?

Ina roƙon kada a mayar da zancen muhawarar halas da haram, domin kowa a nan ya san matsayin addininsa a kan wannan al'amari, kuma ba shi nake tambaya ba. Ina so ne in fahimci yadda hukuma ta kai ga girmama waɗanda ita da kanta ta hukunta.

Baƙon Birmingham ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kurmi. Wurin ba shi da nisa da inda nake zaune, kuma na ziyarce shi, don haka bari in fara da shi, domin amsar tambayarka ta biyu tana cikin yanayin wurin kansa. Sunansa National Memorial Arboretum, yana gefen ƙauyen Alrewas a gundumar Staffordshire, arewa da Birmingham. Fili ne mai faɗin eka 150 da aka cika da itatuwa, an buɗe shi a 2001, kuma a yau akwai abubuwan tunawa fiye da 400 a cikinsa. Mafi girmansu shi ne na kan tudun tsakiya, wanda aka buɗe a 2007, inda aka sassaƙa sunayen sojoji sama da 16,000 da suka mutu a bakin aiki tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma sauran ba duka na matattun fagen daga ba ne. Akwai na 'yan sanda, da na 'yan kwana-kwana, da na ma'aikatan jirgin ƙasa, da na fursunonin yaƙin da Japan ta tsare, waɗanda da yawansu sun dawo gida da ransu.

Wanda ya fi dacewa da tambayarka yana can ƙarshen filin ta gabas. Mutum-mutumin wani saurayi ne, an ɗaure masa idanu da ƙyalle, hannayensa a baya, kuma a bayansa an kakkafa turakun katako fiye da 300, kowanne ɗauke da sunan wani soja da rundunar Birtaniya ta harbe da hannunta a Yaƙin Duniya na Ɗaya bisa laifin gudu daga fagen daga ko tsoro. An kafa shi a 2001, sai a 2006 majalisa ta yi musu afuwa bayan mutuwarsu. Ka ga ke nan tun kafin wannan na 2025, filin ya saba da ɗaukar abin tunawa da waɗanda rundunar ce ta cutar da su, ba abokan gaba ba.

Tarihin kuwa ga shi a taƙaice. A 1967 aka yi dokar da ta cire tarayyar maza biyu baligai a keɓe daga jerin laifuffuka a Ingila da Wales, amma aka keɓe soja daga wannan sassaucin. Saboda haka abin da ba laifi ba ne ga farar hula ya ci gaba da zama laifi ga mai kaki. A 1994 aka daina gurfanar da su gaban kotun soja a kan haka, amma kora daga aiki ta ci gaba, har sai ranar 12 ga Janairun 2000 da Sakataren Tsaro na lokacin, Geoff Hoon, ya sanar da ɗage haramcin.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda aka aiwatar da haramcin, domin daga nan siffar abin tunawar ta fito. Sashen bincike na musamman na 'yan sandan soja ne ke da wannan aikin. Wani lokaci tsegumi kawai ko wasiƙar da ba ta da suna ta isa a fara. Sai a birkice ɗakin mutum a bariki, a kwashe wasiƙunsa da hotunansa da littafin da yake rubuta sirrinsa, a zaunar da shi sa'o'i ana yi masa tambayoyi na tsiraici, ana matsa masa ya ambaci sunayen wasu. An yi wa wasu gwajin jiki na wulaƙanci, an tura wasu wajen likitocin ƙwaƙwalwa, an ɗaure wasu a kurkuku, da yawa kuma ta haka iyayensu suka ji labarin. Mutum ya wayi gari babu aiki, babu masauki tunda a bariki yake kwana, ga kuma takardar sallama da ke bin sa duk inda ya je neman aiki. Sanannen misali shi ne Joe Ousalice, wanda ya yi kusan shekara 18 a rundunar ruwa, ya kuma yi yaƙin tsibiran Falkland a 1982. Ya ba da labarin cewa da aka sallame shi a 1993, da almakashi aka yanke lambar yabonsa daga ƙirjin rigarsa. Sai a 2020 aka mayar masa da ita, bayan ya kai Ma'aikatar Tsaro ƙara.

A 2020 ɗin ne aka kafa ƙungiyar Fighting With Pride, ƙarƙashin jagorancin wasu tsofaffin hafsoshi biyu, Craig Jones na rundunar ruwa da Caroline Paige ta rundunar sama. Matsin lambarsu ya taimaka wajen sa gwamnati ta ɗora wa Lord Etherton, tsohon babban alƙali, aikin binciken abin da ya faru tsakanin 1967 da 2000. Ya karɓi shaidar mutane sama da 1,100, ya fitar da rahotonsa a Yulin 2023 ɗauke da shawarwari 49, kuma a ranar 19 ga watan Firaminista Rishi Sunak ya nemi afuwa a zauren majalisa. Kafa abin tunawa a wannan filin na ɗaya daga cikin shawarwarin. Gwamnati ta ba da fam 350,000 ta hannun ofishin kula da tsofaffin sojoji, ƙungiyar ta shirya gasar zane, kuma a Janairun 2025 aka sanar cewa wata tawagar masu fasaha daga Norfolk mai suna Abraxas Academy ce ta yi nasara. Shi Lord Etherton bai ga buɗewar ba, ya rasu a Mayun 2025.

An raɗa wa aikin suna An Opened Letter. Ba mutum-mutumi ba ne, babu soja riƙe da bindiga, babu tuta. Siffar takardar wasiƙa ce ta tagulla, a tsaye, kamar wadda aka dunƙule a hannu aka jefar sannan wani ya ɗauko ya warware, duk lanƙwasar tana nan a jikinta, kuma kalmomin da ke kanta an tsamo su ne daga bakin waɗanda abin ya shafa. Dalilin zaɓen wasiƙa a fili yake: wasiƙun mutane ne aka riƙa ƙwacewa ana karantawa a matsayin hujjar laifi.

Game da tambayarka ta farko, ga yadda nake gani. Diyya ta mai rai ce, kuma sai ya cika takarda ya nema. Afuwar firaminista magana ce ta rana ɗaya, tana cikin kundin majalisa inda ba kowa ke leƙawa ba. Amma mutumin da aka ce masa bai cancanci a kira shi soja ba, aka hana shi hularsa da bajonsa, abin da yake nema shi ne a mayar da shi cikin lissafi, kuma a wannan ƙasa lissafin soja a wannan filin ake yin sa, a tsakanin abubuwan tunawa na bataliyoyi da jiragen ruwa. Akwai kuma waɗanda suka mutu kafin a ce za a biya kowa, wasu a cikinsu da hannunsu suka kashe kansu. Su babu kuɗin da zai kai gare su.

Almajirin Malam ya amsa:

Allah ya saka da alheri, Malam Baƙo, bayaninka ya fayyace abubuwa da yawa. Zan mutunta roƙon mai tambaya, amma ina ganin ba za a iya raba zancen gaba ɗaya da abin da mutum ya yi imani da shi ba, domin abin tunawa ba kamar diyya ba ne. Diyya gyaran ɓarna ce tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki. Abin tunawa kuwa koyarwa ce ga jama'a, ana kai yaran makaranta su gani, kuma ana kafa shi ne domin ya daɗe bayan duk waɗanda abin ya shafa sun shuɗe.

Ni a wajena, addinina ya haramta wannan aikin, kuma babu abin da zai sauya mini wannan. Amma addinin nan dai shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo ƙarara a Suratul Hujurat. Saboda haka ba ni da wata wahala wajen cewa fasa akwatin mutum a karanta wasiƙunsa, da tilasta masa ya tona asirin abokansa, da yanke masa lambar yabon da ya samu da guminsa a bakin wuta, duk zalunci ne, ko wane ne aka yi wa. Wanda ya yi yaƙi ya yi yaƙi, haƙƙinsa na fansho da lambar yabo ba ya faɗuwa saboda wani zunubi da ke tsakaninsa da Ubangijinsa.

Inda nake da ja shi ne nan: da a ce an tsaya a kan waɗanda aka zalunta tsakanin 1967 da 2000, da sai in ce hukuma ce ke amsa laifinta. Amma da aka haɗa da sojojin da ke aiki a yau, waɗanda babu wanda ya kore su, ina ganin an tashi daga neman afuwa an koma yabon ɗabi'ar kanta. Sannan Sarkin da ya je ba shugaban ƙasa kaɗai ba ne, shi ne kuma jagoran Cocin Ingila, kuma na san akwai Kiristoci da yawa, har da na cocin Angilikan a Nijeriya, da ba su yarda da wannan alƙiblar ba. Ina so in ji ko akwai amsa a kan wannan, ba don jayayya ba.

Lauyar Tudun Wada ta amsa:

Malam Almajiri, tambayarka tana da nauyi, kuma zan dawo kanta. Amma bari in fara cike wani gurbi a bayanin Malam Baƙo, domin wanda ya karanta shi zai iya zaton gwamnatin Birtaniya ta ɗage haramcin ne don raɗin kanta. Ba haka ba ne, tilasta mata aka yi. Mutum huɗu da aka kora, Jeanette Smith da Graeme Grady na rundunar sama, da Duncan Lustig-Prean da John Beckett na rundunar ruwa, sun kai ƙara kotunan ƙasar, suka sha kaye a 1995 duk da cewa babu wanda ya soki ingancin aikinsu. Daga nan suka wuce Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg, wadda a ranar 27 ga Satumban 1999 ta yanke cewa binciken da aka yi musu da korar da aka yi musu sun saɓa wa sashe na 8 na yarjejeniyar Turai, wanda ya kare sirrin rayuwar mutum.

Hujjar Ma'aikatar Tsaro a gaban kotun ita ce, zaman irin waɗannan mutane a cikin runduna zai karya gwiwar sauran sojoji ya kuma raunana haɗin kansu, ta dogara da wani binciken ra'ayin sojoji da ta wallafa a 1996. Kotun ta ce abin da binciken ya nuna ƙyamar da wasu ke yi ce kawai, ba hujjar cewa aiki zai lalace ba, kuma ƙyama ita kaɗai ba ta isa dalilin korar mutum daga aiki. Ku lura, kotun ba ta yanke hukunci a kan kyau ko munin ɗabi'ar ba. Ta yi magana ne a kan iyakar hannun hukuma a cikin sirrin ma'aikacinta, wanda kusan shi ne abin da Malam Almajiri ya faɗa ta wata hanyar.

Sai batun kuɗi, tunda mai tambaya ya ɗauka an gama da shi. Lord Etherton ya ba da shawarar kada jimillar ta wuce fam miliyan 50. Tsofaffin sojojin suka ce ta yi kaɗan ƙwarai, kuma a Disamban 2024 sabuwar gwamnati ta ɗaga ta zuwa miliyan 75. Wanda aka kora ko aka sallama yana samun fam 50,000, sannan akwai ƙarin da ke tsakanin fam 1,000 da 20,000 gwargwadon abin da mutum ya sha, wanda wani kwamiti mai zaman kansa ke tantancewa. Iyaka ke nan fam 70,000. A kunnenmu kuɗi ne masu yawa, amma ga hafsan da aka yanke wa aiki yana ɗan shekara talatin, ya rasa ƙarin girma da cikakken fanshon da zai ci har ƙarshen rayuwarsa, bai kai ko kusa da asararsa ba. An kuma yi ta ƙorafin jinkirin biya, alhali da yawansu sun tsufa, wasu ba su da lafiya. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, an lalata takardun binciken 'yan sandan soja a kan waɗannan shari'o'i a 2010, don haka wasu sai sun sha wahala kafin su tabbatar da abin da aka yi musu. Tsugune dai ba ta ƙare ba. Ni abin da nake tsoro game da kowane abin tunawa shi ne, yana da arha idan aka gwada shi da biyan haƙƙi, kuma yana da kyau a hoto. Fam 350,000 daidai yake da cikakkiyar diyyar mutum biyar kacal. Gwamnati na iya fakewa da bikin yanke ƙyalle ta ce an rufe babi.

Kanada ta bi wata hanya daban. Can korar ta shafi sojoji da 'yan sandan tarayya da ma'aikatan gwamnati, Firaminista Justin Trudeau ya nemi afuwa a Nuwamban 2017, kuma kuɗin abin tunawar da aka fara ginawa a Ottawa a 2024, mai suna Thunderhead, sun fito ne daga sulhun ƙarar haɗin gwiwa da waɗanda aka kora suka shigar, wanda aka cimma a 2018. Wato can ginin wani ɓangare ne na abin da shari'a ta samar musu, ba kyautar gwamnati ba.

Yanzu ga tambayarka, Malam Almajiri. Ban ce damuwarka ba ta da tushe ba, domin babu shakka masu shirya abin sun so ya zama alamar alfahari, ba su kuma ɓoye hakan ba. Amma akwai dalili na tarihi da ya sa ba a iya yanke layin a shekarar 2000. Cikin manyan hafsoshin da ke aiki a yau akwai waɗanda suka shiga soja a ƙarƙashin haramcin, suka yi shekaru suna ɓoye kansu cikin fargabar ranar da za a ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ba a kore su ba, amma dokar ta taɓa su. Game da Sarki kuwa, da rawanin shugaban rundunonin soja ya je, ba da na coci ba. Da sunan sarauta aka ɗauke su aiki, da sunanta aka kore su, don haka zuwansa ne ya sa afuwar ta fito daga inda hukuncin ya fito. Ko hakan ya gamsar da kai ko bai gamsar ba, wannan shi ne tsarin da suke bi.

Jikan Mazan Jiya ya amsa:

Ina gaishe ku duka. Ni abin da ya tsaya mini a rai tun da na fara karanta wannan zance daban ne. Kakana yana cikin waɗanda suka yi yaƙin Bama a ƙarƙashin tutar Birtaniya, kuma na san a nan akwai jikokin irinsa da yawa, ko sun sani ko ba su sani ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Kaladan da Arakan, mafi yawan mutanensu daga Nijeriya, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya ta wancan zamani. Shaidar tana nan a sunayen barikokinmu: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Mutane na wucewa ta ƙofarsu kullum ba tare da sanin cewa sunaye ne da aka ɗauko daga yaƙin Bama ba.

Dalilin kawo wannan shi ne, ita wannan ƙasa da ke gyara tarihinta a kan sojojin da ta kora, tana da wani bashin a kanmu. A Afrilun 2021, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoto da ya amsa cewa, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, alhali an yi alkawarin kowane mamaci za a ambace shi da sunansa ba tare da bambanci ba. Sakataren Tsaro Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa a kan haka, kuma shi ne dai yake kan wannan kujera lokacin da rahoton Etherton ya fito. A 2019 kuma 'yan jarida sun tono takardun da suka nuna cewa kuɗin sallamar da aka biya sojan Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da aka biya Bature mai muƙami iri ɗaya. An yi surutu a majalisa, amma ba a kafa wani asusun diyya ba.

Ba ina cewa a hana waɗancan nasu don a ba mu namu ba. Wannan tunanin rago ne, kuma haƙƙin wani ba ya rage na wani. Abin da nake so mu duba shi ne yadda suka yi. Daga kafa ƙungiyarsu a 2020 zuwa buɗe abin tunawa a 2025, shekara biyar ke nan, a cikinta suka samu bincike, da afuwa, da asusu, da mayar da lambobin yabo. Sun samu ne saboda suna raye, suna da ƙuri'a, suna da lauyoyi da 'yan majalisa da ke amsa wayarsu, kuma sun zauna sun rubuta abin da aka yi musu, mutum sama da dubu. Namu mazan jiyan kuwa sun dawo gida, yawancinsu ba su yi boko ba, suka koma gona ko gadin kamfani, suka tafi da labarinsu kabari. 'Yan ƙalilan ne suka rage a raye. Abin da zan tambayi Malam Baƙo shi ne, a irin wancan filin, gwamnati ce ke yanke shawarar wanda za a tuna, ko kuwa duk ƙungiyar da ta shirya tana iya nema?

Baƙon Birmingham ya sake amsa:

Allah ya jiƙan kakanka, ɗan'uwa, ya kai haske kabarinsa. Filin yana ƙarƙashin Royal British Legion ne, babbar ƙungiyar tsofaffin sojojin ƙasar, ba ma'aikatar gwamnati ba. Galibin abubuwan tunawar da ke ciki ƙungiyoyi ne suka nema: tsofaffin sojojin wata bataliya, ko iyalan waɗanda wani jirgi ya nutse da su, ko wata ƙungiyar ma'aikata. Su ne ke gabatar da buƙata da zane ga hukumar filin, su nemo kuɗin ginawa, su kuma tanadi na kula da shi nan gaba. Na sojojin LGBT ya bambanta ne ta wajen cewa kuɗinsa daga baitulmali suka fito, saboda shawara ce ta rahoton da gwamnati ta karɓa, amma ko shi ƙungiya ce ta riƙe aikin daga farko har ƙarshe.

Ba kuma a ce babu komai game da mutanenmu ba, sai dai a warwatse yake. A Landan, kusa da ginin Ma'aikatar Tsaro, akwai abin tunawa da aka buɗe a 1990 domin dakarun Chindit, wato runduna ta musamman da ta yi yaƙin Bama, kuma a jerin rundunonin da aka rubuta a jikinsa akwai bataliyoyin Nijeriya. Akwai ƙofofin tunawa da ke Constitution Hill, da aka buɗe a 2002 domin sojojin Indiya da maƙwabtanta da Afirka da Karibiyan, waɗanda Baroness Flather ta jagoranci fafutikar kafa su. A Brixton kuma akwai na sojojin Afirka da Karibiyan da aka buɗe a 2017, shi ma wata ƙungiyar al'umma ce ta tsaya a kansa. Waɗanda suka mutu a Bama kuwa, sunayen da yawansu na nan a maƙabartar Taukkyan da ke wajen Yangon, wasu a kan kabari, wasu a jikin ginshiƙan waɗanda ba a ga gawarsu ba. Hukumar kaburburan yaƙin tana da kundin sunaye a intanet da kowa zai iya bincikawa kyauta, don haka duk wanda wani nasa ya tafi wannan yaƙin bai dawo ba, yana iya farawa daga nan. Sai dai ya gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban, domin akawun soja na lokacin sukan rubuta mutum da sunansa na yanka haɗe da sunan garinsu, kuma yadda kunnensu ya ji haka suke rubutawa.